Yadda Ake Bin Sawun Tarihin Ƙungiyoyin Ma'aikatan Gidan Waya a Takardun Tarihi na Nijeriya

Idan ana ba da labarin gwagwarmayar ƙwadago a Nijeriya, ma'aikatan jirgin ƙasa ake fara ambata, sai masu haƙar kwal na Inugu waɗanda 'yan sanda suka harbe a ranar 18 ga Nuwamba, 1949. Masu rarraba wasiƙa da masu buga tangaraho da masu hawa turakun waya ba kasafai ake tunawa da su ba, alhali kuwa suna cikin manyan yaje-yajen aikin da suka girgiza gwamnati kafin samun mulkin kai da bayansa. Labarinsu yana nan a rubuce, amma a warwatse yake tsakanin Ibadan da Kaduna da Landan da akwatunan tsofaffi, kuma mafi yawan abin da ya tsira mai ba su aiki ne ya rubuta shi, wato gwamnatin da suke ja da ita. Wannan shi ne abin da ya kamata mai bincike ya riƙe a ransa daga farko har ƙarshe, domin shi ne zai nuna masa inda zai nufa da kuma yadda zai karanta abin da ya samu.

Mataki na farko: a san sunan ma'aikatar da shekarun da suka rarraba tarihinta

Wanda ya shiga ma'adanar takardu yana neman sunan NIPOST a kan al'amuran 1945 zai fito hannu rabbana, domin babu wannan suna kafin 1985. Tun zamanin Turawa har zuwa 1985, gidan waya da tangaraho da tarho ma'aikata ɗaya ce, wadda takardu ke kira Posts and Telegraphs, a taƙaice P&T. A 1985 aka raba ta: ɓangaren wasiƙu ya zama NIPOST, ɓangaren sadarwa kuma aka haɗe shi da kamfanin sadarwar waje ya zama NITEL. Saboda haka ƙungiyoyin ma'aikatan ma tare suke ɗauke da akawun kanta da mai buga tangaraho da makaniken tarho, ko da yake a zamanin Turawa kowane rukuni yakan kafa tasa ƙaramar ƙungiyar, kuma sunayen sun yi ta sauyawa.

Akwai shekarun da ya kamata a haddace kafin a buɗe fayil ko ɗaya. A 1938 aka yi dokar ƙungiyoyin ƙwadago wadda ta halatta rajistarsu, har mutum biyar ma suna iya kafa ƙungiya, abin da ya jawo yawaitar ƙananan ƙungiyoyi a ma'aikata guda. A 1945 aka yi yajin aikin gama-gari na farko, wanda ya fara ranar 22 ga Yuni ya ɗauki fiye da mako shida, a kan neman ƙarin kashi 50 cikin ɗari na alawus ɗin tsadar rayuwa da mafi ƙarancin ladan yini na sule biyu da sisi. Kwamitin Tudor Davies ne ya binciki koken, rahotonsa ya fito a 1946. A 1964 aka yi na biyu, daga 1 zuwa 13 ga Yuni, saboda jan ƙafar da gwamnatin Tafawa Ɓalewa ta yi a kan rahoton kwamitin Morgan, wanda ya duba batun albashi. Sai kwamitin albashi na Adebo na 1970 zuwa 1971, da na Udoji wanda ƙarin albashinsa ya mamaye zancen 1974 da 1975. A ƙarshe, a 1978 gwamnatin soja ta dunƙule ƙungiyoyi kusan dubu zuwa 42 a ƙarƙashin babbar ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa, NLC, inda ma'aikatan gidan waya da na sadarwa suka faɗa cikin ƙungiya ɗaya mai suna NUPTE. Kowace daga cikin waɗannan shekaru ta haifar da tarin takardu, domin gwamnati ba ta rubutu da yawa a kan ƙaramin ma'aikaci sai ranar da ya ajiye aiki.

Mataki na biyu: a ƙuntata tambaya

Tarihin ƙungiyoyin gidan waya gaba ɗaya ya fi ƙarfin mutum ɗaya da hutun wata guda. Abin da ke yiwuwa shi ne a zaɓi gari da shekara da rukunin ma'aikata, misali halin da gidan wayar Kano ko na Zariya ko na Jos ya shiga a yajin 1945. Wannan tambaya tana da nama a jikinta, domin yajin na ma'aikatan hannu da masu sana'a ne akasari, akawuna da yawa kuwa sun ci gaba da zuwa ofis, don haka a gidan waya ɗaya ana iya samun wanda ya fita da wanda ya zauna. A rubuta tambayar a jimla ɗaya a shafin farko na littafin aiki, a riƙa komawa gare ta duk lokacin da wani fayil mai daɗin karatu ya nemi ya ja hankali zuwa wani wuri.

Mataki na uku: a fara da abin da gwamnati ta buga

Kafin a je ga fayiloli, a zauna da littattafan da aka buga, domin su ne ke ba da sunaye da ranakun da za a yi amfani da su wajen nema. Rahoton shekara-shekara na Sashen Ƙwadago, wanda aka kafa a 1942, yana ɗauke da jerin ƙungiyoyin da aka yi wa rajista da adadin membobinsu, da kuma taƙaitaccen bayanin rigingimun aiki na shekarar. Daga nan ne za a kwafe ainihin sunayen ƙungiyoyin P&T harafi da harafi, shekara bayan shekara, a ga wadda ta ɓulla da wadda ta ɓace da waɗanda suka haɗe. Rahoton shekara na ita ma'aikatar P&T yana nuna yawan ma'aikata da sababbin gidajen waya da tsawon layukan da aka ja. Gazet ɗin gwamnati kuma yana sanar da naɗi da ƙarin girma da sauyin wurin aiki da kora, har da rajistar ƙungiya da soke ta. Ana samun waɗannan a ɗakin karatu na Kashim Ibrahim da ke Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, da Gidan Arewa a Kaduna, da ɗakin karatun Jami'ar Ibadan, ko da yake da wuya a sami dukkan shekaru a wuri guda.

A nan ne ya kamata a fahimci wani bambanci da komai ya rataya a kansa. Ma'aikatan gwamnati kashi biyu ne: masu tabbataccen muƙami waɗanda ke da fansho, da masu ladan yini waɗanda ake iya sallama ba tare da wata doguwar magana ba. Na farko suna da suna a jerin ma'aikata da Gazet, na biyu kuwa adadi ne kawai a cikin kasafin kuɗi. A garuruwan Arewa a zamanin Turawa, mafi yawan akawuna da masu buga tangaraho daga Kudu suke, wasu ma daga Gwalkwas (Ghana ta yanzu) da Saliyo, domin su ne suka riga samun ilimin boko, 'yan ƙasa kuwa sun fi yawa a cikin masinjoji da leburorin layi da masu ɗaukar jakar wasiƙa a ka ko a kan keke. Wanda ya tsaya a jerin ma'aikata kawai zai ɗauka babu Bahaushe a wannan tarihi, kuma kuskure ne babba.

Mataki na huɗu: Kaduna, sannan Ibadan

Hukumar Adana Takardun Tarihi ta Ƙasa ta samo asali ne daga ofishin da aka buɗe a 1954 bisa ƙoƙarin masanin tarihi Kenneth Dike, kuma manyan rassanta uku su ne na Ibadan, wanda ke cikin harabar jami'a, da na Kaduna da ke titin Yakubu Gowon, da na Inugu. Dokar 1992 ta buɗe wa jama'a takardun da suka kai shekara 25. Mai bincike ya tafi da takardar gabatarwa daga makarantarsa ko ƙungiyarsa da katin shaida, ya yi rajista, ya tambayi ƙa'idar ɗaukar hoto da kuɗinta tun ranar farko. Ya riƙe fensir, ya cika wayarsa da caji, ya kuma girmama ma'aikatan ɗakin bincike ya gaya musu abin da yake nema filla-filla, domin da yawansu sun san inda abubuwa suke fiye da yadda jerin fayiloli ya nuna.

Jerin fayilolin a takarda yake, da Turanci, an kasa shi bisa ofishin da ya haifi fayil ɗin. Babu wani kundi guda mai sunan ƙungiyoyin gidan waya, sai dai a bi shafi-shafi ana neman kalmomi irin su Posts and Telegraphs, Strike, Trade Unions, Cost of Living Allowance, Mail Runners, Postal Agency da Petition. A Kaduna za a duba rukunin SNP, wato takardun Sakatariyar Lardunan Arewa, sannan na larduna ɗaya-ɗaya, kamar KANOPROF da ZARPROF da JOSPROF da SOKPROF. A nan ne ake samun wayoyin da Razdan ya aika Kaduna lokacin yaji, da rahotannin 'yan sanda, da batun masu ɗaukar wasiƙa tsakanin garuruwa, waɗanda sau da yawa ta hannun En'e, wato hukumar gargajiya ta sarakuna, ake ɗaukarsu, don haka zancen ladansu yakan ɓuya a cikin fayilolin baitulmali. Rahoton shekara na kowane lardi ma yakan keɓe sakin layi ga ƙwadago da sadarwa.

Amma kada a tsaya a Kaduna. P&T ma'aikatar gwamnatin tsakiya ce, shugabanta a Legas yake, hedikwatar ƙungiyoyin ma a Legas take. Koken da mai gyaran layi ya rubuta a Gusau hanyarsa ita ce ta shugabansa zuwa Legas, Razdan kuwa kwafi kawai zai gani, idan ma ya gani. Shi ya sa hukuncin da aka yanke kan ma'aikatan Arewa yake a Ibadan, musamman a rukunin CSO 26 na ofishin Babban Sakataren Gwamnati, da rukunin COMCOL na Kwamishinan Legas don abin da ya shafi tarurrukan ƙungiyoyi a birnin. A ganina wannan ne kuskuren da ya fi cin ɗaliban Arewa: su gama da Kaduna, su ga fayilolin sirara ne, su yanke hukuncin cewa ba abin da ya faru.

Mataki na biyar: yadda ake karanta fayil

Wannan shi ne zuciyar aikin, kuma ya cancanci a daɗe a kansa. Fayil ɗin zamanin Turawa yakan zo da bango mai kauri wanda ya yi ja saboda tsufa, da igiya a kusurwa mai ƙarfe a bakinta, da allurai masu tsatsa waɗanda suka ci gefen takardu. Wasu shafukan kwafin tafireta ne a siririyar takarda mai karyewa da an lanƙwasa ta, wasu kuma gara ta yi musu hanya. A buɗe shi a shimfiɗe a kan tebur, kada a cire igiya, kada a sauya jerin shafuka. Kafin a karanta komai, a ɗauki hoton bangon yadda lambar fayil da kanunsa za su fito sarai, sannan a rubuta lambar a littafi, domin hoton shafin da ba a san daga wane fayil ya fito ba bai da amfani ga kowa.

Abu biyu ne a ciki. Akwai wasiƙu da koke-koke da wayoyin tangaraho da suka shigo, kowanne da lambar shafinsa, akwai kuma shafukan sharhi inda jami'ai ke rubuta ra'ayinsu da hannu, wannan a ƙarƙashin wancan, kowa da haruffan sunansa da kwanan wata. Mai gaggawa yakan karanta wasiƙun ya tsallake sharhin saboda wuyar rubutun, alhali a sharhin ne gaskiyar magana take. Amsar da aka aika wa ƙungiya takan ce ana nazarin buƙatarsu cikin tausayawa, shafin sharhi kuwa shi ne zai nuna ko jami'in ya yarda a ransa cewa ladan bai isa ba, ko tsoronsa shi ne idan aka ba ma'aikatan waya na jirgin ƙasa ma za su nema, ko kuwa shawararsa ita ce a mayar da sakataren reshe wani gari mai nisa. A koyi gajerun haruffan da ke yawo a wurin: H.E. Gwamna ne, C.S. Babban Sakatare, P.M.G. shugaban gidan waya, B.U. na nufin a sake kawo fayil ɗin a wata rana, P.A. kuma a ajiye shi, an rufe magana. Tazarar da ke tsakanin ranar da koke ya shigo da ranar da aka rubuta P.A. hujja ce da kanta, domin tana nuna tsawon lokacin da mutane suka yi suna jiran amsa.

Takardar koke ita ce wurin da muryar ma'aikaci ke fitowa, don haka a kwafe ta gaba ɗaya. A dubi masu sa hannu: wa ya rubuta sunansa da boko, wa ya rubuta da ajami, wa ya dangwala yatsa. A dubi muƙamin kowa da garinsa. Idan sunaye uku ko huɗu suka yi ta maimaituwa a koke-koken shekaru daban-daban, to an gano jagororin reshe, ko da babu takardar da ta kira su da haka. A lura kuma da cewa koken wanda bai iya Turanci ba wani ne ya rubuta masa, akawu ko mai rubuta wasiƙa na bakin gidan waya, kuma kalmomin ƙasƙantar da kai da ke buɗe shi da rufe shi al'adar rubutun lokacin ce. Abin dubawa shi ne tsakiyar takardar, inda ake lissafa kuɗin haya da farashin dawa da kananzir, da nisan tafiyar da ake yi da jaka a ka, da rashin kuɗin kwana a daji lokacin gyaran layi.

Rahoton 'yan sanda da na jami'an mulki yana buƙatar taka-tsantsan na musamman. Jami'in da ya rubuta cewa 'yan Arewa ba ruwansu da yaji, baƙi ne ke zuga su, yana da dalilin faɗin haka, domin mulkin Arewa gaba ɗaya an gina shi a kan cewa talakawa sun gamsu da sarakunansu. Mai yiwuwa ya faɗi gaskiya a wani garin, mai yiwuwa kuma a'a. Hanyar gwadawa ita ce a nemi abin da ba ra'ayi ba a cikin fayil ɗin: jerin waɗanda aka yanke wa lada saboda rashin zuwa aiki, sunayen waɗanda aka sallama, da wayar da ke neman sojoji ko fursunoni su ɗauki wasiƙa. Idan rahoto ya ce komai lafiya, amma shafi na gaba yana neman wanda zai raba wasiƙun da suka taru, to shafi na gaba za a gaskata.

Lissafin kuɗi ma sai an kiyaye. Kwabo 12 ne sule, sule 20 ne fam, sisi kwabo shida, taro kwabo uku. Naira ta fara aiki ranar 1 ga Janairu, 1973, a kan naira biyu kowane fam. Kada a mayar da albashin 1945 zuwa kuɗin yau kai tsaye, ya fi kyau a auna shi da farashin abinci da haya na shekarar, waɗanda rahoton Tudor Davies da rahotannin larduna suka tanada.

Mataki na shida: jaridu

Da zarar an sami ranaku, sai a koma ga jaridu a karanta mako biyu kafin abin ya faru da mako biyu bayansa. West African Pilot ta Nnamdi Azikiwe da Daily Comet sun goyi bayan masu yajin 1945 har gwamnati ta dakatar da su a watan Yulin shekarar, don haka akwai giɓi a daidai lokacin da aka fi buƙatarsu, sai a cike shi da Daily Times, wadda ta fi kusa da ra'ayin hukuma. A Arewa akwai Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fita a Zariya a Janairun 1939 da Abubakar Imam a matsayin edita, da Nigerian Citizen daga 1948, wadda New Nigerian ta gaje ta a farkon 1966. Gaskiya jaridar da hukuma ta kafa ce, kuma da wannan sanin za a karanta ta, amma shafin wasiƙun masu karatu taska ce, domin a nan ake ganin yadda mutanen gari suka ji a jikinsu lokacin da wasiƙa da kuɗin da ake aikowa ta gidan waya suka tsaya. Ƙananan sanarwa na taron reshe da zaɓen shugabanni su ma suna ba da sunayen da fayil bai ambata ba.

Mataki na bakwai: takardun ƙungiyar kanta

Doka ta wajabta wa kowace ƙungiya mai rajista ta miƙa tsarin mulkinta da sunayen shugabanninta da lissafin kuɗinta na shekara ga Magatakardan Ƙungiyoyin Ƙwadago, wanda ofishinsa ke ƙarƙashin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya. A rubuta wa ofishin takarda mai bayyana sunan ƙungiya da shekarun da ake so, kuma dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 tana ba ɗan ƙasa damar neman irin wannan. A rubuta wa sakatariyar NUPTE ta ƙasa da rassanta na jihohi a nemi littattafan bayanan taro da takardun da aka riƙa aika wa rassa da rahotannin babban taro. A leƙa Cibiyar Nazarin Ƙwadago ta Michael Imoudu da ke Ilori. Daga 1948 an kafa majalisun sasantawa tsakanin gwamnati da ma'aikatanta waɗanda ake kira Whitley, kuma bayanan zamansu suna nuna abin da wakilan ma'aikata suka faɗa da bakinsu. Ga shekarun soja kuwa, a nemi rahoton kotun bincike ta Mai Shari'a Adebiyi ta 1976, wadda ta tona harkokin kuɗin ƙungiyoyi har aka haramta wa shugabanni irin su Michael Imoudu da Wahab Goodluck harkar ƙwadago, da hukunce-hukuncen kwamitin sasanta rikicin aiki da na Kotun Ma'aikata ta Ƙasa wadda aka kafa a 1976.

Suna ɗaya da zai yi ta fitowa a takardun shekarun 1950 da 1960 shi ne Gogo Chu Nzeribe, babban sakataren ƙungiyar ma'aikatan gidan waya da sadarwa, wanda ya mutu a tsare a Legas a 1967. Bin sawun sunansa a jaridu da fayiloli hanya ce mai sauƙi ta gano lokutan da ƙungiyar ta yi karo da hukuma.

Abin baƙin ciki shi ne takardun ƙungiyoyi su ne suka fi saurin salwanta, saboda sauyin ofis da rigimar shugabanci da haɗewar 1978, inda kowace tsohuwar ƙungiya ta rufe ofishinta ba tare da an tanadi inda za a kai kundayenta ba. Abin da ya tsira sau da yawa yana gidan tsohon sakatare ne ko ma'aji, a cikin akwatin ƙarfe.

Mataki na takwas: abin da ke ƙasashen waje

Ma'adanar takardun Birtaniya da ke Kew a Landan tana da jerinta a intanet, ana iya bincika shi daga gida kyauta, a kuma sayi kwafi. Rukunin CO 583 wasiƙun Gwamnan Nijeriya ne da Ofishin Mulkin Mallaka, CO 554 na Afirka ta Yamma ne baki ɗaya, CO 859 kuma ya ƙunshi al'amuran ƙwadago. Cibiyar Modern Records Centre ta Jami'ar Warwick tana riƙe da takardun babbar ƙungiyar ƙwadago ta Birtaniya, TUC, wadda ta yi ta musayar wasiƙu da ƙungiyoyin Nijeriya, da na ƙungiyar ma'aikatan gidan waya ta Birtaniya. Amfanin waɗannan shi ne wasiƙar da sakataren ƙungiya ya aika waje, wadda kwafinta ya ɓace a Legas, tana iya kasancewa a can lafiya lau.

Mataki na tara: tsofaffin ma'aikata

Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, kuma wannan mataki ba ya jira. Waɗanda suka ga 1945 da idonsu sun kusa ƙarewa, na 1964 sun manyanta ƙwarai, amma waɗanda suka yi aiki a zamanin Udoji da rabuwar 1985 suna nan da yawa. Hanyar isa gare su ita ce reshen ƙungiyar 'yan fansho, ko wani ma'aikaci mai ci wanda zai yi rakiya. Ziyarar farko ta gaisuwa ce kawai: a yi sallama, a zauna inda aka nuna, a ce, "Baba, mun zo ne mu ji yadda kuka yi aiki a zamaninku, don kada labarin ya ɓace," a nemi izinin dawowa da na'urar ɗaukar magana. Idan tsohuwar mai haɗa layin tarho ce, a nemi mace ta yi hirar ko ta zauna a wurin, kuma kada a manta da waɗannan mata, domin fayiloli ba su cika ambatonsu ba.

A fara da tambayoyin da jiki ke tunawa: ƙarfe nawa ake buɗe kanta, wa ke karɓar kuɗin ƙungiya a ranar albashi, a ina ake taro, ta yaya umarnin fara yaji ya iso daga Legas. Wannan tambaya ta ƙarshe tana da muhimmanci, domin ma'aikatan waya su ne ke riƙe da hanyar da saƙo ke bi, ko na gwamnati ko na ƙungiya. Kada a gyara wa dattijo shekara a tsakiyar magana. Idan ya haɗa 1964 da 1975, a rubuta yadda ya faɗa, a warware daga baya da takardu. A tafi masa da hoton koken da aka samu, a karanta masa sunayen, domin suna ɗaya yakan buɗe labarin da tambaya goma ba ta buɗe ba. Idan ya fito da katin ƙungiya ko hoton taro ko takardar kora, a ɗauki hoto a gabansa a mayar masa a take. A tambaye shi sarai ko ya yarda a ambaci sunansa, a kuma ɗauki amsar a cikin faifan.

Mataki na goma: haɗawa da adanawa

A buɗe jadawali mai layi ɗaya ga kowane abin da ya faru, da gurbin kwanan wata da gari da sunaye da inda aka samo shi, har lambar fayil da shafi. Duk abin da ya zo daga tushe ɗaya tak a yi masa alama, kada a rubuta shi a matsayin tabbas sai an sami na biyu daga wani ɓangare dabam. Inda fayil da jarida da dattijo suka saɓa, a kawo ukun a rubutu, a faɗi wanda aka fi rinjayarwa da dalili. Fayilolin ladabtarwa sukan ƙunshi zargin sata ko bayanin rashin lafiya na mutanen da 'ya'yansu ke raye, don haka a bar sunan wanda ba shi da hannu a shugabanci idan ambatonsa ba zai ƙara wa tarihin komai ba.

Hotuna da faifan hira a sanya wa kowanne suna mai ɗauke da lambar fayil ko sunan mai magana da ranar hira, a ajiye su a wuri biyu daban. Sannan a kai kwafi ɗaya ga reshen ƙungiyar, ɗaya kuma ga wata ma'adana mai karɓar takardun jama'a, kamar Gidan Arewa ko hukumar tarihi da al'adu ta jiha, tare da takardar yarjejeniya mai sa hannun mai kayan, wadda ta fayyace wanda zai iya karantawa da shekarar da za a buɗe.